Tandar baƙin ƙarfen da kika gada: wa ya zuba ta, daga wace ƙasa?

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan Kaka ya kai haske kabarinta. Kin ce cikin kayan da ta bari a unguwar Birni ta Damagaram akwai tandar baƙin ƙarfe mai gurbi bakwai da mariƙi, mai nauyin gaske, a gindinta ana iya karanta GRISWOLD da 32 da 962, sauran rubutun duk baƙin maiƙo ya cinye shi. Sai kuma wani kasko mai fai biyu da ke rufuwa, cikinsa zanen gida-gida, shi kuma an rubuta mishi Bté S.G.D.G. da wata lamba. Wani dillali a kasuwar Dole ya ce miki 962 ɗin nan 1962 ne aka manta da 1, wani kuma ya ce ai duka kayan Faransa ne na zamanin Nasara. Kina son sanin wa ya yi su, a ina, kuma yaushe.

To ni zubi ne sana'ata tun ina saurayi, daga baya na shiga harkar tsofaffin kayan ƙarfe, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne kar ki fara da rubutun. Kowa rubutu yake fara dubawa shi ya sa ake cutar mutane. Rubutu ana iya kwafarsa cikin yashi a yini ɗaya, amma jikin ƙarfen, kaurinsa da santsinsa da inda aka zuba shi, wannan ba ya ɓoyuwa. Sai jiki ya ba da shaida tukuna sannan a saurari abin da rubutu ke faɗa.

Ki samo mayen ƙarfe, ko na tsohuwar rediyo ne, ki ɗora a kan tandar. In bai kama ba to magana ta ƙare, sanholo ne da ya yi baƙi saboda daɗewa a wuta, kuma wataƙila ma a nan gida aka zuba shi. Kar ki yi mamaki, masu zubin tukwanenmu yadda suke aiki kenan, su ɗauki tukunyar da ta yi musu kyau su danna ta cikin yashi mai damshi su fitar da siffarta, su narka sanholo su zuba, duk rubutun da ke gindin ta asalin sai ya fito a sabuwar, ba da niyyar cuta ba, haka aikin yake. Sanholo yana narkewa ne wajen digiri 660, gawayi da zugazugi sun isa, shi kuwa ƙarfen zubi sai an kai kusan digiri 1,200, shi ya sa ba ki ganin ana zuba shi a rumfunan kasuwa. Nauyi ma zai gaya miki, ƙarfen zubi ya ninka sanholo nauyi fiye da sau biyu da rabi in girmansu ɗaya. In kuma mayen ya kama, saura ki raba tsakanin zubi da ƙira. Tandar da maƙeranmu ke bugawa daga fallen ƙarfe ita ma maye na kama ta, amma siririya ce, za ki ga sawun guduma, mariƙinta an ɗaure shi da ƙusa ko an yi mishi walda, in ta faɗi lanƙwasa take yi. Ta zubi kuwa jiki da mariƙi abu ɗaya ne ba haɗi, kuma ba ta lanƙwasa, sai dai ta tsage. Tunda na ambaci tsagewa, ki rataye ta da zare ki ɗan ƙwanƙwasa da cokali, in ta yi ƙara mai tsawo lafiyarta ƙalau, in ta yi kwaf ta mutu nan take to akwai tsaga a ɓoye ƙarƙashin maiƙon.

Yanzu batun 962. Dillalin nan bai faɗi daidai ba, wannan ba shekara ba ce ko kusa. Griswold kamfani ne na Amurka a garin Erie cikin jihar Pensilbaniya, ya fara aiki a 1865, kuma yawancin kayan da yake zubawa suna da lamba biyu, ƙarama ta girma ko samfuri, da wata mai jerin lambobi uku ko huɗu wadda ita ce lambar uwar zubin, wato abin da ake dannawa cikin yashi, don ma'aikaci ya san wadda zai ɗauko. 32 da 962 tare suke tafiya, su ne lambobin tandar Griswold mai gurbi bakwai masu zurfi kamar rabin ƙwallo. Haka tandarsu ta gato mai gurbi goma sha ɗaya take ɗauke da 10 da 948, mai siffar zangarniyar masara kuma 273 da 930. Kin ga da lambar shekara ce da sai mu ce an zuba wannan a shekara ta 930, lokacin ko Amurkar babu. Abin da ya faranta min rai a bayaninki shi ne lambobin biyu sun dace da juna da kuma siffar da kika faɗa, wannan alama ce mai kyau, amma ba ta isa ba, don mai kwafi ma haka nasa zai fito.

Ba don masa aka yi ta ba tun asali, ko da yake wallahi ta dace da masa. 'Yan Danmak ne ke da wani abinci irin wannan, ƙullun fulawa da ake juya shi cikin gurbi har ya zama dunƙule, da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka tafi da shi, kamfanoni suka shiga zuba musu tandar. Siffar gurbin kanta tana taimakawa wajen gane ƙasa ko babu rubutu sam. Mai gurbi bakwai marasa zurfi masu shimfiɗaɗɗen gindi ta 'yan Suwidin ce, mai ƙananan gurabe da yawa marasa zurfi ta Holan, ta Japan gurabenta zagayayyu ne a jere sau da yawa kan faranti mai kusurwa huɗu, sannan akwai ta kudancin Indiya da suke toya ƙullun shinkafa mai tsami a ciki, ita ce ta fi kusa da tamu, kuma sababbinta suna shigowa kasuwa yanzu tare da na Sin.

Ga inda aikin yake, yadda za ki gane ta gaske ce ko kwafi. Ki kifa ta ki kalli gindin da kyau. In kin ga wani dogon tabo da ya taso kamar layi, tsawon ɗan yatsa, a tsakiyar gindin, to nan ne ƙofar da narkakken ƙarfe ya shiga, aka karye ragowar bayan ya huce. Tsofaffin masana'antu haka suke zubi ta gindi, a Amurka an daina yawancinsa wajen 1890 aka koma zubawa ta gefen baki sannan a goge wurin. Saboda haka kaya marar suna mai wannan tabo yawanci tsoho ne sosai, amma kaya mai sunan Griswold da lamba irin taki kuma ga tabon, to wani ƙaramin mai zubi ne ya ɗauki ta gaske ya danna a yashi. Mutane da yawa suna ganin tabon su ce kai ga tsufa, alhali a wannan halin shi ne ke tona asirin kwafin. Sai ki dubi haruffan. A ta gaske suna nutse cikin ƙarfen, bakinsu tsaf, zurfinsu ɗaya. A kwafi sai ki ga sun yi dishi-dishi, wani harafin ya cike wani ya ɓace rabi, don yashi ba ya ɗaukar komai daga kayan da ya riga ya sha aiki. Ki shafa cikin gurbin da yatsa, Griswold da yashi mai laushi suke aiki, jikin kayansu sumul ne kuma ba su da kauri fiye da kima, kwafi kuwa mai kaushi ne mai ƙuraje, ga kauri ga nauyi, bakinsa ba a goge shi da kyau ba. Akwai kuma abin da duk mai zubi ya sani, ƙarfe yana tsukewa in ya huce, kusan kashi 1 cikin 100, shi ya sa uwar zubi ta kamfani ake yin ta da ɗan ƙarin girma. Wanda ya kwafa daga gamammen kaya nasa zai fito ƙarami, abin da ya kai santimita 23 sai ya rasa kusan milimita 2. Wannan sai in akwai ta gaske a kusa a gwada, ban sa ran za ki samu a Damagaram ba, amma ki auna da metir na tela ki rubuta ki ajiye.

In ta tsallake waɗannan, sai a zo ga shekaru, kuma a nan kalmar da za ki nema ƙarƙashin maiƙon ita ce ERIE. A 1957 aka sayar da Griswold, aka rufe aikin Erie, sunan da uwayen zubin suka koma hannun masu kamfanin Wagner da ke garin Sidney a jihar Ohayo, suka ci gaba da zuba kaya da sunan Griswold amma ba sa rubuta Erie. To in kin ga ERIE PA kin san ba ta wuce 1957 ba, in babu shi sai sunan da lambobi kawai akwai yiwuwar ta bayan nan ce, in kuma har da Made in USA to wannan rubutun sai wajen shekarun 1960 ya zama ruwan dare a kayan zubin Amurka. Tambarinsu na gicciye cikin da'ira shi ma yana ba da lokaci, mai karkatattun haruffa ya fi tsufa tun farkon ƙarni na 20, babba mai miƙaƙƙun haruffa na shekarun 1920 da 1930 ne, ƙarami kuma daga wajen 1939 zuwa 1957, sai dai irin wannan tandar ba kullum take ɗauke da tambarin ba saboda gurabe sun cinye wurin. Shekara guda takamaimai kam babu mai iya ba ki, uwar zubi ɗaya tana yin shekaru da yawa ana aiki da ita, duk wanda ya ce miki shekara kaza ce daidai to ƙirƙira ya yi.

Tunda na ambaci Wagner bari in ja kunne a kan abu ɗaya da nake yawan gani a gwanjo. Akwai kasake da aka rubuta musu Wagner's 1891 Original a gindi har da bayanin yadda ake shafa musu mai. 1891 shekarar kafa kamfanin ce, kayan kuwa daga 1991 aka fara yin su don cikarsa shekara ɗari. Haka duk shekarar da kika gani kusa da PAT, ranar rajistar ƙirƙirar ce ba ranar zubi ba. Misali tsofaffin tandunan gato na Waterman na Boston suna ɗauke da 5 ga Afrilu 1859, kuma an daɗe ana zuba su da wannan rubutun bayan nan. Abin da shekarar ke gaya miki kawai shi ne kayan bai girme ta ba.

Kaskon na biyu kuma, a nan mai maganar Faransa ya yi gaskiya. Na toya gofur ne, irin wainar nan ta Turawa mai gida-gida, ana zuba ƙullu a rufe a ɗora kan murhu ana juyawa. Bté S.G.D.G. taƙaitawa ce ta breveté sans garantie du gouvernement, ma'ana an yi rajistar ƙirƙirar amma gwamnati ba ta ɗauki lamunin ingancinta ba, dokar Faransa ta 1844 ce ta kawo wannan rubutu kuma aka daina shi a 1968. Tazara ce mai faɗi na sani, amma dai ta ba ki ƙasa ta kuma ba ki iyaka. Gano kamfanin shi ne mai wuya, don gabashin Faransa da arewacinta, yankunan Ardennes da Meuse da Haute-Marne, cike suke da ƙananan masana'antun zubi a wancan lokacin, da yawansu harafi biyu ko ɗan zane kawai suke sawa, wasu ba sa sa komai sai lambar girma. Ki duba wajen maƙalar da fai biyun suka haɗu da kuma bayan kowane fai, nan suke ɓoye alamar. Sunayen da in kin gani kin huta su ne Godin na garin Guise, wanda aka fi sani da murhu, da De Dietrich na Alzas, da Cousances wadda tarihin zubinta ya kai 1553 kafin kamfanin tukwane na Le Creuset ya saye ta a 1957. Shi Le Creuset a 1925 aka kafa shi a Fresnoy-le-Grand, kamfanin Staub kuma a 1974, to kaya mai sunan Staub komai baƙinsa bai ga zamanin mulkin mallaka ba. A tukwanen Faransa lambar da ke gindi ko cikin murfi, 22 ko 24 ko 26, faɗin baki ne da santimita, ki sa metir ki gani. Tukwanen Birtaniya masu ƙafa uku da suka riƙa biyowa ta Kano su kuma da galan ko da lambar girma ake ƙidaya su, za ki iya cin karo da sunan Falkirk ko Kenrick, in kin ga Rd No da dogayen lambobi to rajistar Birtaniya ce daga 1884 zuwa sama.

Wa ya zuba kaya tambaya ɗaya ce, yadda aka yi ya iso ɗakin Kaka wata ce daban, kuma wannan ta biyun ƙarfe ba zai amsa ta ba, mutane ne za su amsa. Kaskon Faransa a Birni ba abin mamaki ba ne, Faransawa sun shigo Damagaram a 1899, garin nan shi ne babban birnin ƙasa har 1926, ga jami'ai ga soja ga 'yan kasuwa, kowanne da kukunsa, kuma in Bature zai koma gida ba ya ɗaukar ƙarfe mai nauyi, kuku ko boyi yake bar wa. Tandar Amurka ce za a ce ta ina, amma ita ma tana da hanya, 'yan mishan na SIM sun zauna a Zinder, wato Damagaram ɗin, tun 1924 kuma da yawansu daga Amurka da Kanada suke, sannan 'yan Peace Corps, masu aikin sa kai na Amurka, sun fara zuwa Nijar a 1962, ga kuma gwanjon Kwatano na baya-bayan nan da ke kawo komai a cakuɗe. Ki zauna da tsofaffin gidanku tun suna nan, ki tambaye su tun yaushe suka san tandar, tana cikin kayan auren Kaka ne ko daga baya ta zo, akwai wani a dangi da ya yi aikin kuku. In wata gwaggo ta ce tun tana yarinya kafin samun 'yancin kai a 1960 take cin masar tandar nan, wannan shaidar ta fi duk abin da zan iya karanto miki a foto.

Wajen wanki ne nake roƙonki ki yi hattara, don a nan ake lalata kaya. Kar ki ba yaro ya kai wa mai walda ya sa injin wasa ƙarfe, zai cinye haruffan da santsin da muke son gani, kuma ba ya dawowa. Kar ki jefa ta cikin wuta mai ƙarfi don maiƙon ya ƙone, tana iya tsagewa ko ta yi jan tabo da ba ya fita. Ki jiƙa ta cikin ruwan sodar da ake yin sabulu da ita, a roba mai murfi nesa da yara, sodar ake zubawa cikin ruwa ba ruwa a kan soda ba, ki sa safar roba ki kiyaye ido, ki bar ta kwanaki, soda maiƙo take ci ba ta taɓa ƙarfe. Amma fa sai bayan mayen ƙarfe ya kama, don soda tana cinye sanholo. In akwai tsatsa bayan nan, binegar rabi ruwa rabi na rabin awa, ki goge ki ɗauraye, kar ki bar ta ta kwana a ciki don tsami na cin ƙarfe. Ki busar a kan wuta kaɗan, ki shafa man gyaɗa siriri ƙwarai ki gasa, ki maimaita har ta yi baƙi mai sheƙi. Don karanta rubutun da ya dushe ki barbaɗa garin fulawa ki share da tafin hannu, zai zauna cikin haruffan, ko ki shiga ɗaki mai duhu ki haska fitilar waya daga gefe.

Wani abu da ya fi duk wannan muhimmanci in za ki ci gaba da toya masa a ciki. A Amurka wasu sukan narka darma cikin tsofaffin tandunan ƙarfe don yin harsashi ko nauyin fatsa, kuma darma guba ce musamman ga yara. Taki da aka san shekara da shekaru abinci ake yi da ita a gida ba ni da fargaba a kanta, amma ta gwanjo da ba a san inda ta fito ba, in kin ga wani farin toka-toka mai laushi manne a gindin gurbi wanda farce ke iya kartawa ya yi ƙyalli, kar ki dafa komai a ciki.

Batun kuɗi kuma gara in faɗa miki gaskiya, lamba 32 ba ta cikin kayan Griswold masu wuyar samu, an zuba ta da yawa, masu tara irin waɗannan kaya suna sayenta amma ba kuɗin da zai canza rayuwa ba ne, kuma kuɗin aika ƙarfe mai nauyi waje zai cinye ribar. Ni a ganina ki riƙe abarki, in kuma dole sai an sayar saboda rabon gado to kar a yi ciniki sai an wanke an karanta sauran rubutun. In kin gama wankin ki ɗauko foto huɗu na kowanne da rana a inuwa, sama, gindi gaba ɗaya, rubutun daga kusa da garin fulawa a ciki, da wurin da mariƙi ya haɗu da jiki ta ƙasa, ki haɗa da faɗin baki da nauyinsa a sikelin mai shago, daga nan zan iya gaya miki ko kafin 1957 ce ko bayanta, mu kuma nemi alamar mai kaskon gofur ɗin.